Zafin Maris, alkamar da aka makara da shukawa, da maganar feshin antioksidan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin aikin gona ne, kuma ina taimaka wa mahaifina a gonar alkama da tumatir a yankin Kura. Bana mun makara, sai a farkon Janairu alkamar ta shiga ƙasa. Da zafi ya kama a watan Maris, ganyen ya soma ƙonewa daga baki, ƙwayar ta fito a motse, tumatir kuma ya riƙa zubar da fure, alhali ba mu fasa ban ruwa ba. Wani mai shagon magungunan gona ya ce zafi ne ya cinye antioksidan ɗin shukar, ya kawo mana wani ruwan feshi. Mene ne gaskiyar maganarsa, kuma me zafi yake yi a cikin ganye?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar wa Baba da alheri, ya ƙara maka basira.

Mai shagon ya faɗi rabin gaskiya. Tabbas zafi yana karya tsarin kariyar da shuka take da shi, kuma antioksidan, wato sinadaran da suke kare ƙwayoyin halitta daga ɓarnar oksijin, na cikin wannan tsari. Inda ya kauce shi ne da ya nuna maka abin kamar wani tanadi ne da ya ƙare a cikin ganye, za a sayo a kwalba a ƙara. Ba haka shuka take aiki ba. Tun da kai ɗalibi ne, bari in ɗauko maka zancen daga tushe, don in ka gane tushen, kai da kanka za ka yanke hukunci a kan kwalbar.

A cikin kowace ƙwayar halittar koren ganye akwai ƙananan ɗakuna da ake kira kulorofilas. A nan ne hasken rana yake tsinka ruwa, a saki iskar oksijin, a kwashi ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ɗauke da ƙarfi, a tura su ta wata doguwar hanya ta furotin-furotin da ke jere a jikin wani siririn tantani. A ƙarshen hanyar ana loda su a kan wani sinadari mai suna NADPH, shi kuma ya kai su inda ake haɗa sukari da iskar kabon da ganye ya shaƙa. Kai da ka saba da kanal ɗin Kadawa, ɗauki abin kamar ruwan da ake sakowa daga Tiga ba ƙaƙƙautawa: muddin ƙofofin gonaki a buɗe suke, ruwa yana tafiya lafiya, amma in aka toshe gaba alhali ba a rage sakowa daga baya ba, sai ya nemi inda zai fasa. Rana ba ta rage haskenta don ganye ya gaji. In haɗa sukari ya ragu, ilektiron suna taruwa, kuma abin da ya fi kusa da su shi ne oksijin ɗin da ganyen ya saki da kansa.

In oksijin ya karɓi ilektiron guda ɗaya, ya zama sufa'oksayid. Daga shi ake samun haidurojin feroksayid, wato dai ruwan nan da ake saya a kemis a zuba wa ciwo ya yi kumfa. In wannan ya haɗu da ƙarfen da ke yawo a sake cikin ƙwayar halitta, sai a sami haidurokzil, wanda ya fi su duka mugunta. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Fenton ne ya fara bayyana wannan haɗuwa ta ƙarfe da feroksayid a 1894. Akwai na huɗu, oksijin da ya karɓi ƙarfin haske kai tsaye daga kulorofil, sinadarin da yake ba ganye korensa, ya zabura. Su huɗun nan su ne ake kira ROS a littattafanku, ni kuma zan riƙa ce musu oksijin mai ƙuna. Abin da suka fi kai wa hari shi ne kitsen da aka gina tantanin ƙwayar halitta da shi. Da zarar sun taɓa ƙwayar kitse ɗaya, ita ma ta zama mai ƙuna ta taɓa ta kusa da ita, haka abin zai yi ta bi har tantanin ya huhhuje, ruwan ciki ya tsiyaye, wurin ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Ƙunar da ka gani a bakin ganye ƙarshen wannan tafiya ce.

Kowane manomi ya taɓa ganin wannan aiki da idonsa, ko da bai san sunansa ba. Maganin ciyawa farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, ba wani abu yake yi ba illa ya tare ilektiron a kan hanyarsu ya miƙa wa oksijin. Shi ya sa yake ƙone ciyawa cikin sa'o'i in rana ta buɗe, ya kuma yi nawa in gari ya yi lumshi. Ciyawar oksijin ɗin cikinta ne ya kashe ta. Zafi yana yin irin wannan ɓarna, sai dai a hankali, kuma ta ƙofofi da yawa.

Ƙofa ta farko ita ce wajen haɗa sukari. Enzayim wani furotin ne mai hanzarta wani aiki a cikin ƙwayar halitta, wanda yake kama iskar kabon kuwa sunansa rubisko, kuma yana da mai tashinsa, wani enzayim da ake kira rubisko aktibes. Wannan mai tashin ragon zafi ne. A alkama yakan soma sanyin jiki tun ganye bai kai digiri 35 ba. In ya kwanta, rubisko ya kwanta, gaba ta toshe. Ta biyu, shi kansa rubisko yana da wani aibi: yakan kama oksijin a maimakon kabon, kuma kuskuren yana ƙaruwa da ƙaruwar zafi. Gyara wannan kuskure yana cin ƙarfin shuka, kuma a cikin gyaran ana fitar da haidurojin feroksayid mai yawa a wani ɗaki da ake kira feroksizom. A nan ne gero da dawa da masara da rake suka yi wa alkama da shinkafa da wake da tumatir fintinƙau. Su suna da wata dabara ta tara kabon a kewayen rubisko har ya rasa damar kama oksijin, don haka wannan ƙofa kusan a rufe take a wurinsu. Ba banza ba gero yake tsayawa a Damagaram da Maraɗi cikin zafin da alkama ba za ta kwana biyu a ciki ba. Ta uku, zafi yana sassauta tantanin kulorofilas, ya kuma girgiza wurin da ake tsinka ruwa, inda ƙwayoyin manganis huɗu suke zaune. Ta huɗu tana cikin mitokondiriya, ɗakin da shuka take ƙona sukari don samun ƙarfi: zafi yana hanzarta wannan ƙonawa, ilektiron su ƙara zubewa.

Yanzu ga kariyar. Ko a ranar da gari ya yi daɗi ganye yana fitar da oksijin mai ƙuna, don haka tsarin kashe shi kullum a kunne yake. A sahun gaba akwai enzayim ɗin SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a 1969 a Jami'ar Duke ta Amurka. Aikinsa ya juya sufa'oksayid zuwa haidurojin feroksayid. Ka lura da kyau: bai kawar da haɗari ba, ya sauya masa kama ne kawai. In SOD ya yi ta aiki alhali na bayansa sun gaza, feroksayid ne zai taru. Masu kwashe feroksayid manya biyu ne. Katales yana zaune a feroksizom, yana da saurin aiki ƙwarai amma sai abu ya yi yawa yake kama shi da kyau. Irinsa ne a jininmu yake sa ruwan kemis ɗin nan kumfa a kan ciwo. Na biyun shi ne APX, wanda yake tsince ɗan kaɗan ɗin da ya rage a kulorofilas da sauran sassan ƙwayar halitta, amma ba ya aiki sai da askobet, wato bitamin C.

A nan nake so ka tsaya, don nan ne amsar tambayarka take. Duk lokacin da APX ya kashe feroksayid, askobet ya ba da ilektiron ɗinsa ya zama fanko. Shuka ba ta zubar da shi, tana sake cika shi. Wani sinadari mai suna gulutatayon ne yake mayar masa da abin da ya bayar, shi ma ya zama fanko. Sai wani enzayim, GR, ya sake cika gulutatayon, kuma abin da yake cika shi da shi NADPH ne. Christine Foyer da Barry Halliwell ne suka tsara bayanin wannan zagaye a 1976 a Landan, Kozi Asada na Jafan da abokan aikinsa suka cike shi a shekarun da suka biyo baya, shi ya sa ake haɗa sunayensu uku a kansa. Ƙwayar askobet ɗaya tana iya zagayawa ba adadi a yini guda. Saboda haka abin da yake nuna lafiyar ganye ba yawan askobet ko gulutatayon ɗin da ke ciki ba ne kaɗai, a'a, nawa ne daga ciki yake a cike, kuma da wane sauri ake sake cika wanda ya zama fanko. Bitamin E da ke zaune a cikin kitsen tantani, mai yanke waccan ƙuna mai bin layi, shi ma askobet ne yake farfaɗo da shi. Komai ya koma kan NADPH, shi kuma daga haske yake zuwa da rana, daga sukari da dare. Shi kansa askobet daga sukari ake ƙera shi.

Haidurokzil kuwa babu enzayim ɗin da yake iya tare shi, don kafin a ankara ya riga ya yi ɓarna a inda aka haife shi. Dabarar shuka a kansa ita ce kada ma a haife shi: a kwashe feroksayid da wuri, a kulle ƙarfe a cikin wani furotin mai suna feritin.

To me zafi yake yi wa wannan tsari? Amsar ta danganta da tsananinsa da daɗewarsa, kuma tana da hawa biyu da suka saɓa wa juna.

A hawa na farko zafi ƙarfafa tsarin yake yi. Da ganye ya ji ɗumi ya wuce ƙa'ida, shuka da gangan take ƙera ɗan feroksayid a bakin tantaninta ta hanyar wani enzayim mai suna RBOH, ta yi amfani da shi a matsayin saƙo. A 2009 ɗakin binciken Ron Mittler a Amurka ya nuna wannan saƙo yana bin jikin ɗan tsiron gwaji mai suna Arabidofsis da saurin da ya kai santimita 8.4 a minti guda, ganyen da zafi bai taɓa ba ma ya sami labari. Saƙon yana tayar da ƙwayoyin gado masu ƙera furotin na musamman da ke riƙe sauran furotin kada su warware, yana kuma ƙara yawan APX da SOD da GR. Shi ya sa tsiron da ya sha zafi matsakaici na ɗan lokaci yake iya jure wanda zai kashe ɗan'uwansa da bai taɓa sha ba. An nuna haka a waken suya tun 1984, inda tsiron da aka fara ajiyewa a digiri 40 ya tsira daga 45. Hikimar da ke cikin rage wa dashen tumatir inuwa a hankali kafin a kai shi gona ke nan. Wannan kuma ya nuna maka oksijin mai ƙuna ba abokin gaba ba ne zalla. Shukar da aka share mata shi kaf ta rasa mai yi mata gargaɗi.

A hawa na biyu, in zafin ya tsananta ko ya ƙi tafiya, tsarin yake rushewa. Su enzayim ɗin kariya ai furotin ne, zafi yana warware su kamar kowane furotin. Katales yana cikin masu saurin faɗuwa, musamman in zafi ya haɗu da haske mai ƙarfi, don dama haske yana lalata shi kullum, sai an yi ta ƙera sabo, zafi kuma yana hana ƙerawar. APX na cikin kulorofilas yana da wani rauni mai ban mamaki: in askobet ya yi ƙasa sosai, feroksayid ɗin da yake ƙoƙarin kashewa shi ne yake kashe shi, cikin ƙanƙanin lokaci. Ga kuma sukari ya ragu, NADPH ɗin dare ya yi ƙaranci, gulutatayon fanko ya taru. Daga nan abin yake ciyar da kansa: ƙuna ta hana gyaran sassan kama haske, lalacewarsu ta ƙara ƙuna. Ganye ya tsufa kafin lokacinsa, kore ya gudu. A alkama babbar asara ke nan, domin ganyen ƙarshe na saman kara, wanda ke ƙarƙashin zangarniya, shi ne ganyen da ya fi ciyar da ƙwaya. Binciken da David Lobell ya jagoranta a 2012, da hotunan tauraron ɗan'adam na arewacin Indiya, ya nuna kwanakin da zafi ya haura digiri 34 suna gaggauta tsufan alkama sosai. Indiyawan sun ɗanɗana a Maris ɗin 2022, lokacin da zafi ya faɗo wa alkamarsu tana cikin cika ƙwaya, har gwamnati ta hana fitar da ita waje a watan Mayu.

Wannan hawa biyu ne yake rikita ɗalibai in sun zo rubuta kundi. Wani ya auna a kwana na biyu ya ce zafi yana ƙara katales, wani ya auna a kwana na goma ya ce yana rage shi, kuma duka ba wanda ya yi ƙarya. In ka zo naka binciken, kada ka auna sau ɗaya. Kada kuma ka ga enzayim ya hau ka ce irin yana da juriya. Wani lokaci hawan alamar ya fi shan wahala ne. Irin da ganyensa ya fi sanyi, ko tantaninsa ya fi ƙarfi, ƙila bai buƙaci tayar da komai ba. Ka haɗa awon enzayim da awon ɓarnar kanta: sinadarin MDA, wanda shi ne tarkacen kitsen da ya ƙone, da kuma yoyon tantani, wanda ake aunawa ta hanyar jiƙa gutsattsarin ganye a tataccen ruwa a ga yawan gishirin da ya fito. Na biyun nan ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Sannan ka auna abin da aka girba. A ganina rubuce-rubuce da yawa a wannan fanni sun cika da jadawalin enzayim na tsiron tukunya, babu nauyin ƙwaya ko ɗaya a ciki, kuma manomi ba katales yake kaiwa kasuwar Dawanau ba.

Zubar furen tumatir ɗinku labarinsa ya ɗan bambanta da na ganye. A duk jikin shuka babu abin da ya kai bununi, wato garin namijin fure mai sa 'ya'ya su ɗauru, rauni a gaban zafi. Yayin da yake girma a cikin jakarsa, akwai wani siririn bango mai ciyar da shi, wanda dole ya mutu a daidai lokacin da aka ƙaddara masa ya sakar wa bununin abincinsa, kuma oksijin mai ƙuna na cikin abin da yake saita wannan lokaci. Zafi yana ɓata saitin. Bununi ya fito ba sitaci, ko jakar ta ƙi fashewa. A tumatir lokacin da ya fi haɗari shi ne kwana 8 zuwa 13 kafin fure ya buɗe. Ma'ana furen da ya zube yau, tun makon jiya ko wanda ya gabace shi aka yi masa illa. Feshin da aka yi bayan an ga zubewa ihu ne bayan hari. A 2018 ɗakin binciken Gloria Muday a Jami'ar Wake Forest ya nuna cewa wasu sinadarai na shuka da ake kira filabonol su ne suke kare bununin tumatir daga wannan ƙuna. Irin da ba ya ƙera su sosai bununinsa ya fi lalacewa a zafi. Ko 'ya'yan da suka ɗauru ba su tsira ba, domin laikofin, wanda yake ba tumatir jan launinsa kuma shi ma antioksidan ne, ƙerarsa tana tsayawa in zafin 'ya'yan ya haura wajen digiri 30 zuwa 32. Dalilin da ya sa tumatirin bazara yake nuna da ruwan ɗorawa-ɗorawa ke nan.

Zafin dare kuma mutane ba sa ba shi muhimmancin da ya kamata. Da dare ba a haɗa sukari, ƙona shi kawai ake yi, kuma in dare ya yi ɗumi ƙonawar tana ƙaruwa, sai shuka ta wayi gari da ƙarancin abin da za ta cika askobet da gulutatayon da shi, ga rana tana jiranta. A cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin, nazarin da aka buga a 2004 ya nuna amfanin shinkafar rani yana raguwa da kashi 10 cikin 100 a kan kowane digiri guda da zafin dare ya ƙaru. A wake ma, aikin Anthony Hall na Jami'ar Kalifoniya a Riverside ya nuna zafin dare ne yake hana fure ɗaurewa, ta hanyar lalata bununi.

Ka ce ba ku fasa ban ruwa ba. Na yarda, amma tambayar ita ce tazarar kwana nawa. Ganye yana sanyaya kansa ne ta hanyar fitar da ruwa daga ƙananan hudojinsa, kuma a busasshiyar iska irin ta Kano alkamar da ta ƙoshi da ruwa takan fi iskar da ke kewaye da ita sanyi da digiri da dama. Masu zaɓen iri na cibiyar binciken alkama da masara ta CIMMYT a Meziko suna amfani da wannan bambanci wajen tantance iri mai jure zafi. Da ƙasa ta soma bushewa, hudojin suke rufewa, kuma a lokaci guda abu biyu suke faruwa: ganye ya yi zafi, kabon ya daina shiga. Haɗuwar ƙishi da zafi ba ƙari ba ne na ɗaya a kan ɗaya, wata masifa ce ta daban, domin zafi yana neman a buɗe hudoji, ƙishi yana neman a rufe. Tazarar da ta wadatar a Janairu cikin hunturu ba za ta wadatar a Maris ba, lokacin da zafin rana a Kano yake kaiwa wajen digiri 37, Afrilu ma ya ɗara. Ba kuma ambaliya ake nufi ba, don saiwar da ta kwana cikin ruwa ba ta numfashi, ba ta iya jan ruwan ma. A rage tazara, a rage yawan da ake zubawa a kowane karo.

Akwai wurin da abin da ka saya a shago yake shiga wannan tsari kai tsaye, amma ba ta inda mai shagon ya nuna ba. Enzayim ɗin nan ƙarafa ne a tsakiyarsu: wani nau'in SOD da tagulla da zinki, wani da manganis, wani da ƙarfe, katales da APX duka da ƙarfe. Ismail Cakmak na Turkiyya ya daɗe yana nuna cewa shukar da ba ta samun zinki ko fotash ko magniziyam yadda ya kamata ta fi saurin ƙonewa a rana. Takin NPK 15-15-15 da yuriya da aka saba zubawa babu zinki a cikinsu, gonar da aka shekara da shekaru ana nomawa rani da damina kuwa tana iya rasa shi. In gwajin ƙasa ya nuna haka, gyara shi yana da tushe mai ƙarfi, haka ma takin gargajiya. Amma a kiyaye: tagulla da ƙarfe in sun yi yawa su ne dai masu haifar da haidurokzil.

Shi kuma feshin, ga abin da aka sani. An gwada fesa askobet, da wasu sinadaran da shuka take ƙerawa da kanta irin su furolin, da gilaisin betayin, da salisilik asid ɗan'uwan asfirin, kuma sau da yawa an ga MDA ya ragu, ganye ya daɗe da korensa. A 2000 wasu masu bincike a Ostareliya sun nuna cewa asfirin ko salisilik asid mai rauni sosai, tsakanin milimola 0.1 zuwa 0.5, ya taimaki tsiron tumatir da wake jure zafi. A Jami'ar Aikin Gona ta Faisalabad a Fakistan an yi gwaje-gwaje da ruwan ganyen zogale a kan alkamar da aka makara da shukawa, aka ga ɗan ƙari. Sai dai ka lura da abu uku. Salisilik asid ba kashe ƙuna yake yi da kansa ba, tayar da wancan saƙon gargaɗi na hawa na farko yake yi, don haka sai an ba da shi kafin zafi ya zo, kuma in an zarce ƙima shi ma ƙona ganye yake yi. Na biyu, ɗan askobet ɗin da zai ratsa fatar ganye ba komai ba ne a kan wanda kulorofilas yake juyawa a yini, kuma in zagayen sake cikawa ya tsaya, wanda aka fesa ma sau ɗaya zai yi aiki ya zama fanko. Na uku, ba duk ɓarnar zafi ce take bi ta oksijin mai ƙuna ba. Motsewar ƙwayar alkamarku tana da wani dalilin na daban: enzayim ɗin da yake ƙera sitaci a cikin ƙwayar shi kansa zafi yana kashe masa kaifi, ga kuma kwanakin cika ƙwaya sun gajarce. Babu antioksidan ɗin da zai gyara wannan. Ko masu sarrafa ƙwayoyin gado da suka ƙara wa shuka SOD ko APX sun sami sakamako gauraye, domin ƙarfafa gaɓa ɗaya ba ya ɗaga zagayen duka.

Saboda haka a kan alkamarku, babban abin da ya faru ya faru ne ranar shuka. Shawarar da masana alkama na ƙasar nan suke bayarwa, ciki har da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri wadda alkama take ƙarƙashin kulawarta, ita ce a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya yi haka alkamarsa za ta yi fure ta cika ƙwaya cikin sanyin Janairu da Fabrairu, zafin Maris ya same ta tana bushewa, lokacin da ba ya cutar da ita. Taku da ta shiga ƙasa a farkon Janairu ta fitar da kai ne wajen farkon Maris, wato bununi da ganyen ƙarshe da ƙwaya mai madara duk sun faɗa bakin zafi a tare. Na san sau da yawa ba ganganci ba ne: shinkafar damina ba ta tashi daga gona da wuri ba, ko ruwan kanal ya makara, ko iri da taki ba su iso ba. In hakan ta sake faruwa har Disamba ta wuce, gara a sa wa gonar wani abin daban da a zuba kuɗin alkama. In kuwa lokaci bai ƙure ba, a nemi irin da aka zaɓa don zafi kamar Norman ko Reyna-28, a tabbatar ruwa bai yanke ba daga lokacin da ta yi ciki har ƙwaya ta yi tauri. Tumatir kuma a lulluɓe gindinsa da ciyawa ko ɓuntun shinkafa don ƙasa ta yi sanyi, kada a yi masa sassabe mai yawa da zai tone 'ya'yan ga rana, a kuma nemi irin bazara in za a kai shi Afrilu.

Kwalbar da ke hannunku, duba bayanta. In an rubuta abin da ke ciki da yawansa, ga lambar rajista, kana iya gwada ta baɗi. In ba a rubuta ba, ajiye ta. In za ka gwada, ka fesa da yamma ko da sassafe, kafin alkama ta fitar da kai, ba bayan ganye ya ƙone ba. Ka ware kwamai shida masu kama da juna a gona ɗaya, ka fesa uku ka bar uku, a gauraye ba a jere ba, ruwa da taki iri ɗaya. Ranar girbi ka sussuke kowane kwami daban ka auna, ka kuma ƙirga ƙwaya 1,000 daga kowanne ka ɗora a sikeli, sannan ka cire kuɗin maganin da na mai feshi daga bambancin da ka samu kafin ka kai wa Baba lissafin.